Godiya: bana na yi ɗinkin Sallah ba ƙwaya

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana.

Daren jajiberi, wajen ƙarfe 2, na maƙala maɓallin ƙarshe a rigar wani yaro, na tsaida keke, na zauna ina kallon hannuna. Ko rawa ba ya yi. Shekara 9 rabon da in gama ɗinkin Sallah ba tiramol a cikina, don haka yin shiru zai zama butulci.

Duk wanda ya san shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san yadda ake faɗawa. Shadda ta taru har rufi, kowa nasa yake so gobe, sai wani ya miƙo maka ƙwaya ɗaya bayan shan ruwa ya ce za ta kai ka sahur. Ta kai ni kuwa. Daga ɗaya sai biyu, daga nan na haɗa da kodin, ina juye shi a robar lemo don kar a gane. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 ban daina ba, tsada kawai ya ƙara, har kekuna biyu na sayar a kansa. Ranar da na yanke jiki na faɗi a shago ina jijjiga, mutane cewa suka yi iska ce. Likita ne daga baya ya ce mini haka tiramol take yi in ta yi yawa.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ara mini rai har na ga wannan rana.

Sai Umma. Ranar da dangi suka zauna a kaina, wani babba ya ce a kai ni gidan mari. Kika tuna musu da mutum sama da 300 da aka fito da su daga wani gida a Kaduna a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, kika ce ɗanki ba shi da lafiya ne, asibiti za shi. Na san ɗankunnen da kika sayar, ko da yake har yau ba ki yarda na sani ba. Allah Ya saka miki da Aljanna.

A Kano in aka ce Dawanau, inda asibitin masu taɓin hankali yake, zolaya ce ko zagi. Ni can na je na samu kaina. Likitoci da nas-nas da suka jure mini satin farko, hamma ba iyaka, majina, gudawa, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, ga baƙar magana ina gasa musu, Allah Ya biya ku.

Malam limaminmu, da na dawo sahun ƙarshe nake tsayawa, ana sallama in sulale, don gani nake ban isa in ɗaga hannu ba. Ka tare ni wajen takalma ka ba ni labarin sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) kan shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ba ka ƙara komai ba, ka tafi. A hanya na yi kuka har gida.

Uwargida, a wata na huɗu bayan fitowata daga asibiti na zame na sha, da bakina na faɗa miki. Tashi kika yi kika ɗauko katin asibiti kika ajiye gabana. Har yanzu kuɗin shago a hannunki yake kwana, kuma hakan ba ya ƙona mini rai kamar da.

Kar wani ya ɗauka na warke tas. Sha'awar tana zuwa, galibi tsakar dare. In ta zo sai in yi alwala, in yi raka'a biyu, in ba ta tafi ba in kira abokina da muka kwanta ɗaki ɗaya a asibiti. Wani dare shi ke kira. Na daina jin haushin masu ce mini ɗan ƙwaya a bayan ido. Na sha ɗin, ba ƙage suka yi ba. Kuma na yarda ni tela ne mai gajiya da barci kamar kowa: kaya 40 na karɓa bana, inda a da nake karɓar abin da ya ninka haka.

Waɗanda na mayar wa yadinsu tun farkon azumi, ku yi haƙuri, na gode da ba ku yi fushi ba. Waɗanda kuma na cinye wa kuɗin ɗinki ko na ɓatar wa shadda a shekarun baya, na rubuta sunayen da na iya tunawa a bayan littafin awo. Wanda na manta, don Allah ya leƙo shago bayan hutun Sallah mu yi lissafi.