Karin kumallon kyauta a otal, daga Makka zuwa Madina

Daga Kano na sauka filin jirgin Sarki Abdulaziz na Jidda, na hau jirgin ƙasa na Haramain a tashar da ke filin, ya kai ni Makka. Ɗakin da na kama a wani otal na Hilton da ke Jabal Omar, kusa da Harami, ne, kuma ta manhajar kamfanin na kama shi, da lambata ta Hilton Honors a jiki, wato tsarin kamfanin na ba masu yawan sauka a otal-otal ɗinsa kati, maki da alfarma gwargwadon matsayinsu. Wannan shi ne tushen komai. Alfarmar karin kumallo tana bin ɗakin da aka kama kai tsaye ne. In ta shafukan dillalai irin su Booking.com ko Expedia ka biyo, matsayinka bai yi aiki ba, ko da Diamond ne, wanda ke sama da Gold.

Tun kafin tashi na shiga sashen MyWay na manhajar na zaɓi karin kumallo, domin mai matsayin Gold irina zaɓi ake ba shi tsakanin abinci da maki 1,000. Wanda ya bar alamar a kan maki, da safe zai tarar ba sunansa a takardar ƙofar ɗakin cin abinci. A teburin karɓar baƙi na tambayi abu uku: mutum nawa, a wane hawa, kuma ƙarfe nawa ake rufewa. Ƙa'idar ita ce mai kati da mutum ɗaya da aka rubuta sunansa a ɗakin, saboda haka na miƙa fasfon abokin tafiyata nan take. Mutum na uku biya zai yi.

A rubuce abu mai sauƙi aka yi alkawari, burodi da shayi da 'ya'yan itace, amma mu duk teburin aka buɗe mana. Ga ful, wato dafaffen wake, da zafinsa cikin tukunya mai dogon wuya, ana zuba masa man zaitun da lemon tsami, ga shakshuka, ƙwai da tumatir, ga cuku da dabino. Bayan sallar asuba mutane ke kwararowa daga Harami gaba ɗaya, lif ya cika, layi ya kai bakin ƙofa. Gara mutum ya ɗan kwanta ya sauko da hantsi, muddin ya riƙe lokacin rufewa.

Zuwa Madina kilomita 450 ne, kusan awa biyu da rabi a jirgin ƙasa. Otal ɗin Madina kuwa, ejan ne ya kama mana cikin kuɗin ayari. Na ba da lambar katina ta kamfanin da ke da otal ɗin, ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ce, "Farashin rukuni ne, ya Hajji, babu alfarma a kansa." Gaskiyarsa. Yawancin masu zuwa Umara daga wajenmu ta hannun ejan suke zuwa, to abin tambaya tun a gida shi ne ko kuɗin ɗakin ya haɗa da abincin safe, a kuma rubuta shi a takardar.

Kamfanonin ba ɗaya suke ba. A Marriott Bonvoy, tsarin kamfanin Marriott, Gold ba ya ba da karin kumallo, sai Platinum mai kwana 50 a shekara, shi ma a yawancin otal-otal ɗinsu sai ka zaɓe shi a matsayin kyautar maraba lokacin shiga, kuma Ritz-Carlton ba ya ciki. Matsayin Globalist na kamfanin Hyatt, mai kwana 60 a shekara, ya fi dacewa da mai iyali a ganina, tunda manya biyu da yara biyu yake ɗauka. A Amurka kuwa Hilton wani adadin kuɗin abinci suke rage wa mai kati kullum daga lissafin ɗaki a madadin karin kumallon, wanda sau da yawa ba ya isar cikakken karin kumallo.

Ranar fita daga Makka na bi takardar lissafi layi-layi, domin wani lokaci kwamfuta kan ɗora kuɗin abincin a ɗaki sai an cire da hannu, kuma gyaran ya fi sauƙi kana tsaye a gabansu.