Kakar Super Rugby ta 2017: yadda teburin maki ya yaudari masu nazari

Mai son koyon nazarin gasar zari-ruga zai fi ƙaruwa da kakar Super Rugby ta 2017 fiye da kowace, domin a cikinta ne teburin maki ya fi yin ƙarya. Ƙungiyoyi 18 ne suka buga daga ƙasashe biyar: Afirka ta Kudu shida, Ostareliya biyar, New Zealand biyar, sai Jaguares ta Ajantina da Sunwolves ta Japan. An kasa su rukuni huɗu, kowace ta buga wasa 15. Ke nan babu wadda ta haɗu da kowa da kowa, kuma daga nan matsalar ta samo asali.

Lissafin makin ba shi da wuya. Nasara maki huɗu, canjaras biyu. Akwai ƙarin maki ɗaya ga wadda ta fi abokiyar karawarta dangwala ƙwallo a bayan layi, wato tirai, da uku ko fiye, da wani ɗaya ga wadda ta sha kashi da tazarar da ba ta wuce maki bakwai ba. Wuyar tana wajen tambayar da teburi ba ya amsawa: a hannun wa aka samo makin?

A duba Brumbies da Blues. Brumbies ta jagoranci rukunin Ostareliya da maki 34, aka ba ta damar karɓar baƙuncin wasan kwata fainal a Canberra saboda ita ce ta ɗaya a rukuninta. Blues ta ƙare a ƙasan rukunin New Zealand da maki 37, ta koma gida. Hurricanes ta New Zealand mai maki 58 ce aka ɗora wa hawa jirgi zuwa gidan mai 34, ta je ta doke ta 35 da 16. Haka Chiefs, ita ma ta New Zealand, ta tafi Cape Town wajen Stormers alhali ta fi ta maki nesa ba kusa ba. A kakar gaba ɗaya, ƙungiyoyin Ostareliya sun kara da na New Zealand sau 26, ko ɗaya ba su ci ba. Saboda haka duk wadda jadawali ya haɗa ta da 'yan Ostareliya ta samu banza ta faɗi.

Wadda ta fi cin wannan moriya ita ce Lions ta Johannesburg. Ta ci wasa 14 cikin 15, ta zama ta ɗaya da maki 65, ba tare da ta gamu da ƙungiyar New Zealand ko ɗaya ba sai a wasan kusa da na ƙarshe. Crusaders ta New Zealand ma 14 ta ci, maki 63, amma ita kullum tana cikin gumurzu da maƙwabtanta. Wannan ratar maki biyu ita ta yanke inda za a buga wasan ƙarshe. Ba a ce Lions ba ta iya ba, ƙungiya ce mai kyau a hannun kocinta Johan Ackermann. Ana dai cewa 65 ɗinta da 63 ɗin Crusaders ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Hanyar gyara ga mai nazari ita ce ya ajiye jimillar maki a gefe. Ya ware wasannin cikin rukuni daban da na waje, ya kwatanta ƙungiyoyi biyu kan abokan karawar da dukansu suka buga da su kawai, sannan ya rubuta a gaban kowane sakamako ko a gida aka yi ko bayan doguwar tafiya.

Tafiyar ba ƙaramin abu ba ce. Tsakanin New Zealand da Afirka ta Kudu akwai bambancin sa'a goma a lokacin sanyinsu, ga filin Ellis Park, gidan Lions a Johannesburg, yana kan tudu mai kusan mita 1,750 sama da teku. Iskar can ba ta da kauri: ƙwallo tana yin nisa idan an buga, huhun baƙo kuwa yana gazawa a minti ashirin na ƙarshe. Hurricanes ta gani a jikinta. Ta yi gaba da 22 da 3 a wasan kusa da na ƙarshe, aka tashi 44 da 29 Lions ce a sama, kodayake katin gargaɗin da aka ba ɗan wasan Hurricanes Beauden Barrett ma ya taimaka. Mako guda kafin nan, da wani bugun fanareti mai nisa na Ruan Combrinck Lions ta tsira daga Sharks, 23 da 21.

Crusaders ta koci Scott Robertson, a shekararsa ta farko, ta fahimci cewa a wannan fili dole a tara maki tun ƙafa na da ƙarfi. A wasan ƙarshe da Lions a Ellis Park ranar 5 ga Agusta, ta dangwala biyu da wuri. Dab da hutun rabin lokaci Kwagga Smith na Lions ya bi wata ƙwallo da aka ɗaga sama, ya shiga ƙarƙashin David Havili na Crusaders wanda ya riga ya yi tsalle, Havili ya juye ya faɗo ta wajen wuya. Alƙali Jaco Peyper, shi ma ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗaga jan kati. A irin wannan ba a duba niyya. Ana duba ko mai bin ƙwallon yana da damar kama ta da gaske, da kuma yadda na saman ya sauka. Wanda ya ga ba zai kai ba, ya rage gudu ya jira ƙafar abokin hamayya ta taɓa ƙasa.

Crusaders ta kai 25 da 3. Duk da haka Lions mai mutum 14 ta dangwala biyu a ƙarshe lokacin da baƙi suka fara haki, aka tashi 25 da 17. Kofi na takwas ke nan ga Crusaders, na farko tun 2008.

Tun a watan Afrilu hukumar SANZAAR mai shirya gasar ta sanar za a koma ƙungiya 15 a 2018. Cheetahs da Kings suka koma gasar Pro14 ta Turai, aka sallami Western Force ta Perth.