Makullin yana Mirya

Wata uku ke nan da na ajiye aiki, amma har gobe in na ji warin robar waya tana ƙonewa sai cikina ya ɗuri ruwa. Waɗanda muka yi zaman gida ɗaya sun san cibiyar da nake nufi, ba sai na kama suna ba, kuma sun san ɗakin nan na ƙurya mai ƙofar ƙarfe da muke ce wa magaza ta biyu. Shekara shida ni ke riƙe da sha'anin kariya daga tururin nukiliya a gidan. Na daɗe ina saƙa da warwara, ko in rubuta ko in bar wa Allah. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, yaran da ke fitowa daga jami'a yanzu su ma wata rana za a tura musu rajista a ce su sa hannu.

In an ce nukiliya, hankalin mutanenmu Arlit yake tafiya, inda ake fitar da yuraniyom tun 1971, ko Zariya mai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Mu ba mu kai can ba. Na'urorin auna danshi da taurin ƙasa ne a hannunmu, kowace da ƴar ƙwaya a cikinta wadda ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, an liƙe ta ruf cikin ƙarfe marar tsatsa. Wata siziyom-137 ce, wata amerisiyom-241 da aka haɗa da beriliyom. “Surs” muke ce musu. Ƙanana ne, ba zan yi ƙaryar cewa za su tashi unguwa ba. Sai dai siziyom tana shekara 30 kafin ƙarfinta ya ragu da rabi, amerisiyom kuwa sai ta haura shekara 400, jikokin jikokinmu za su tarar da ita kusan yadda muka bar ta. Shi ya sa takardar izininmu ta zo da sharaɗi: a rubuta tsarin gaggawa, a riƙa gwada shi duk shekara, a kuma shigar da kowane gwaji cikin rajista.

Tsarin ni na rubuta shi, shafi 32, da Faransanci mai tsabta. Ban taɓa ganin wanda ya karanta shi bai yaba ba. Matsalar ita ce duk gidan mutum uku ne suka taɓa buɗe shi, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ke kwana a wurin.

Shekarar farko mun yi gwaji na gaske, na biyu ma mun ɗan taɓa. A ta uku kuɗin bai fito ba. Na rubuta buƙata har sau biyu, ba wani abin kirki ba ne, kuɗin man mota da na pil, wato batir, da ɗan abin da za a ba sojojin kashe gobara su zo su ga wurin da idonsu. Shiru. Sai ga Disamba, aka ce masu duba aiki suna nan tafe daga Yamai. Darakta ya aiko a kira ni, ya sa aka kawo shayi, abin da bai saba yi ba.

“Ƙanena, rajistar nan taka akwai shafin da ba a cika ba.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ba mu yi gwajin bana ba.”

Ya ce, “Wa ya ce ba mu yi ba? Ranar taron ma'aikata ba ka tashi ka yi bayani ba? To mene ne gwaji in ba tunatarwa ba? Ko so kake su rufe mana magaza, mutum ashirin su rasa abinci saboda shafi ɗaya?”

Bayanin da yake faɗa bai wuce minti biyar ba, rabin mutane ma sun fita salla. Na san haka, shi ma ya sani. Amma kwantaragina saura wata biyu ya ƙare, maiɗakina na da tsohon ciki, ga maigidan haya a Garin Malam ya fara gaishe ni a daƙile. Na ja rajistar na rubuta kwanan wata, na rubuta cewa an yi gwaji, an fitar da mutane cikin minti huɗu, ƴan kwana-kwana sun halarta. Na sa hannu. Ranar hannuna rawa yake. Da shekara ta zagayo bai yi rawa ba. A karo na uku ko kirana ba a yi ba, ni da kaina na cike shafin ina kurɓar shayi, har da ƙarin bayani cewa an fi bara sauri.

Ranar wata Asabar ce cikin Afrilu, irin zafin nan na Damagaram da duwatsun Birni ke mayar wa mutum da shi har bayan isha. Kuran ya ɗauke tun azahar, ya dawo bayan la'asar da ƙarfi, waya ta kama a ɗakin da ke jingine da magaza ta biyu, inda muka jibge kwalayen samfurin ƙasa da tsofaffin takardu. Ba kowa a gidan sai Baba maigadi. Ya yi abin da kowane ɗan Adam zai yi, ya fita ƙofa yana ihun gobara. Sannan ya kira ni. Ba tsarin gaggawa ne ya sa ya kira ni ba, lambata tana wayarsa ne don nakan sayo masa goro.

Na hau kabu-kabu ko takalmin kirki ban sa ba. Abin da na tarar shi ne har yanzu yake hana ni barci. Maƙwabta sun cika tsakar gidan, mata da bokitai, ƴan ga-ruwa sun juye tulunansu kyauta, a garin da kowa ya san tsadar ruwa. Samari uku kuma suna ƙofar magaza ta biyu da wani dogon ƙarfe, suna ƙoƙarin ɓalle ta don su fitar mana da kaya kafin wuta ta iso. Taimako suka zo yi, Allah ya saka musu. Na riƙe hannun na gaba ina ihu su ja da baya, yana kallona kamar na taɓu.

Takardar lambobin gaggawa na nan manne a bango inda na liƙa ta. Lamba ta farko ta abokin aikinmu ce da ya koma Maraɗi shekara biyu da suka wuce. Ta biyu wayar biro ce, wadda ke cikin ginin da ke cin wuta. Na buga 18, lambar ƴan kwana-kwana, da wayata. Na ruga na ɗauko na'urar auna tururi, na danna, ko motsi ba ta yi ba, pil ɗin ciki ya zubar da farin gari. Baba ne ya kwance gindin tocilarsa ya zazzage mini nasa guda biyu a tafin hannu, na goge bakin na'urar da gefen rigata na zura su. Allura ta tashi. Ƴar takardar da ke jikinta kuwa tana nuna wa'adin daidaita ta ya wuce da wata goma sha huɗu, ke nan ko abin da take nuna mini sai dai in karɓa da addu'a.

Makullin magaza fa? Yana zobe ɗaya da makullin motar darakta, darakta kuma yana Mirya wurin suna.

Da sojojin kashe gobara suka iso, shugabansu ya nuna ƙofar ya tambaye ni abin da ke ciki. Na gaya masa. Ya tsaya yana kallona.

“Tun yaushe abin nan yake nan?”

Na ce shekara tara.

“Shekara tara, malam, ba wanda ya tako ya gaya mana?”

Ban amsa ba. A rajistata, mutanensa sun halarci gwaji sau uku. Bai ɓata lokaci a kaina ba, ya sa aka kori jama'a har bakin titi, domin nisa shi ne kariya mafi araha, in ka ninka tazararka da surs sau biyu abin da ke isowa jikinka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Suka raba ruwansu, rabi kan wutar, rabi kan bangon da ke tsakani don ya huce. Tsorona akwatin ajiyar ne, darma ce ke tare tururin a cikinsa, darma kuwa tana narkewa a digiri 327, wutar takarda da katako ma ta wuce nan. Allah ya taƙaita, wutar ba ta tsallaka ba. Sai bayan magariba makulli ya iso. Na shiga na auna, komai na nan yadda yake, gwajin yoyo da aka yi daga baya ma ya fito da tsabta. Ba wanda ya kusanci ma'aunin tururin da aka yanke, milisibat 20 a shekara ga ma'aikaci, 1 ga sauran jama'a.

Da dare muna zaune kan benci da Baba, jikinmu duk warin hayaƙi, na nuna masa alamar nan mai fukafukai uku a kan rawaya da ke jikin ƙofar, na ce me ya fahimta da ita. Ya ce, “Ɗana, ai na ɗauka fanka ce. Na ce ɗaki ne da ba a son ya yi zafi.” Shekara tara yana shimfiɗa tabarmarsa a inuwar bangon nan. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyena ita kanta ta gano cewa mutane da yawa ba su gane alamar, har a 2007 aka fito da wata ta ƙari, ja, mai ƙoƙon kan mutum da hoton wani yana gudu. Na san wannan tun ina makaranta. Na san labarin Goyaniya ta Burazil a 1987, inda masu tsintar ƙarfe suka fasa wata na'urar likita da aka yi watsi da ita, suka ga gari mai shuɗin haske suka yi ta rabawa dangi, mutum huɗu suka mutu har da yarinya ƴar shekara shida, aka auna mutum wajen 112,000. Tasu ta fi tamu ƙarfi nesa ba kusa ba, amma siziyom ɗin ɗaya ce, kuma mu ma muna da ƴan gwangwan da maƙeran da ba su barin ƙarfe ya kwana a bola. Duk na iya wannan da Faransanci, na ci jarrabawa da shi. Ban taɓa zama minti goma na faɗa wa Baba da Hausa ba.

Bincike ya zo bayan mako biyu. A nan na ga iyawa. Darakta ya sa babbar riga, ya ce shi mutumin mulki ne, bai san kan fasaha ba, ya dogara ne da masanin da aka ba shi. Aka buɗe rajista. Shafi uku, hannuna ne a kowane, nasa babu ko ɗigo. Sai a ranar na lura cewa duk shekarun nan bai taɓa sa hannu a littafin ba, gurbinsa kullum yakan ce a bari sai ya dawo daga tafiya. Buƙatun kuɗin da na rubuta aka neme su aka rasa, ni kuma ban ajiye kwafi ba. Aka ba ni takardar gargaɗi, shi aka yaba masa kan saurin ɗaukar mataki. Ba zan ce an zalunce ni gaba ɗaya ba, ƙaryar ni na rubuta ta da hannuna. Amma kura da ɗan akuya ba a yi musu awo da mudu ɗaya ba, kuma har yau in mun haɗu a jana'iza shi ke fara miƙo hannu yana “ƙanena”.

Wata biyar na ƙara kafin in tafi, kuma ba su tafi a banza ba. Na mayar da shafi 32 zuwa rabin shafi da Hausa, na karanta wa masu gadi da masu shara har suka iya maimaitawa. Na taka da ƙafata zuwa barikin ƴan kwana-kwana, suka zo suka ga ɗakin, ashe ko sisi ba su nema. Gwajin da muka yi ya ci minti goma sha tara, an yi ta karo da juna a ƙofa, haka na rubuta shi, 19, ba ragi. Sauran abubuwan ƙanana ne: duk buƙatar da ka rubuta ka riƙe kwafi mai hatimi a gidanka, ka buga lambobin bango duk wata ka ji wa zai ɗauka, pil kuma kada ya kwana cikin na'ura lokacin zafi. In babba ya ce ka sa hannu, ka miƙa masa biron ya fara. Abu ɗaya ya gagare ni, a yanka makulli na biyu a ajiye cikin akwati mai gilashi kusa da maigadi. An ce sai an yi nazari.

Shekaranjiya yaron da ya gaje ni ya kira ni, da ladabinsa, yana tambaya ina na ajiye takardun daidaita na'ura. Na ce durowa ta biyu, ƙarƙashin jan fayil. Muka ɗan taɓa hira, na tambayi Baba, ya ce yana nan lafiya, har yana koya wa sabon maigadin dare cewa ba fanka ba ce. Sai na ce, to makullin magaza fa, yana ina yanzu? Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Yaya, kuɗin wayata sun kusa ƙarewa.”