Abin da shiru-shiru da dogon buri suka jawo min a shagon ɗinki

Ni tela ne a Agege, tun ina yaro ake yabona da haƙuri da kawaici, ana cewa wane ba ruwansa da hayaniya. Ƙanwata ce ta turo min gwajin halayyar nan na Myers-Briggs ta WhatsApp, tace Yaya dan Allah amsa tambayoyin nan mu gani. Wata Ba'amurkiya Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers ne suka tsara shi a shekarun 1940, sun ɗora kan bayanin da Carl Jung, masanin halayyar ɗan adam na ƙasar Suwizalan, ya fitar a 1921, suka kasa mutane gida 16. Ni INFP na fito, wato mai son kaɗaici, mai dogon buri, mai bin abin da zuciyarsa ta kwanta da shi kuma baya son a ɗaure shi da tsari. Masana da yawa basu gamsu da gwajin ba saboda mutum zai iya yi yau ya sake bayan 'yan makonni ya samu wani sakamako daban, nima ban ɗauke shi wahayi ba. Amma illolin da aka jero min a ciki wallahi duk na san su a jikina.

Babbar cikinsu ita ce gudun magana mai nauyi. Kwastoma zai karɓi kayansa yace gobe zan turo maka cikon kuɗi, gobe ta wuce, wata ya wuce, muna haɗuwa a masallaci muna gaisawa amma bakina bazai iya cewa Alhaji ina sauran kuɗina ba, sai in dawo shago ina ta cin rai ni kaɗai ina tsara abin da zan faɗa masa, in share in sake tsarawa, shi kuwa bawan Allah wataƙila ma mantawa yayi. A waje ana cewa kawaici ne dani, a ciki kuwa haushin mutane nake tarawa, kuma wannan yabon shi yasa na daɗe ban gane cewa ciwo ne ba. A garin da ake biyan hayar shago ta shekara guda dunƙule, ga man janareta kullum, wannan halin yana iya rufe maka shago.

Sai son komai ya fita cif yadda na hango shi a kaina. Aikin wuyan riga zan warware shi saboda wani ɗan karkace da babu mai gani sai ni, shadda tana shan wahala, ga kayan mutane jibge ana jiran Sallah. Kuma bana iya cewa a'a, duk wanda ya kawo yadi a goman ƙarshe na azumi ya marairaice sai in karɓa don kar ransa ya ɓaci, ƙarshe ran nasa ya ɓaci ninki biyu daren Sallah. In kuwa wani yace hannun rigar nan yayi min tsawo, ni ji nake kamar yace ban iya sana'ar ba gaba ɗaya, sai in kashe waya in shige ɗaki. Mutane suna ɗauka girman kai ne ko wulaƙanci.

Burin ma haka. Shekaru ina zana yadda zan buɗe wajen koya wa yaran unguwa ɗinki kyauta, har sunan wajen na raɗa, amma ko yaro ɗaya ban ɗauka ba don ina jiran sai na samu babban waje da kekuna sababbi.

Da na tashi gyara ban ce zan zama mai surutu ba, bazan iya ba kuma bana so. Tsari na kafa wanda zai yi maganar a madadina. Na rubuta a jikin bango cewa rabin kuɗi kafin almakashi ya taɓa yadi, ciko kafin a ɗau kaya, don haka ba sai na buɗe baki ba, nuna takardar kawai nake. Masu tsohon bashi na tura musu saƙo a rubuce cikin ladabi, tunda rubutu ya fi min sauƙi, kuma abin da ya bani mamaki yawancinsu haƙuri suka bayar suka turo, ba wanda ya daina gaishe ni. Azumi na raba tsakiya nake rufe karɓar ɗinki. Yara biyu kuma suna koyo a tsohon kekena yanzu, a wannan ɗan shagon dai.

Wanda har yanzu nake fama da shi shine faɗa wa mutum ya ɓata min rai a ranar da abin ya faru. Abokin aikina na shago na roƙa, nace Malam in kaga na yi tsit fiye da yadda na saba ka tambaye ni kai tsaye, kar ka ƙyale ni. Yana tambaya kuwa, wani lokaci in faɗa, wani lokaci sai washegari da safe nake iya buɗe baki.