Yadda ruwan ganyen zogale ya koma ja a ajinmu

Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a cikin garin Sakkwato. Babin da ɗalibai suka fi haddacewa ba tare da sun gane shi ba shi ne na yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana. Ko daga barci ka tada yaro zai karanto maka: ruwa da iskar kabon dayoksaid, in an samu haske, su ba da sukari da oksijin. Amma ka tambaye shi me hasken ke yi a cikin ganyen, sai aji ya yi tsit. Shi ya sa bara da bazara na ce mu taɓa abin da hannunmu, da kayan da ake samu a kasuwa.

Da zogale muka fara. Aka daka ganye ɗanye a ƙaramin turmi, aka zuba masa sufirit marar launi na kemis, aka tace da farin ƙyalle cikin kwalba. Ruwan ya fito kore shar, har yana neman komawa baƙi. Muka rufe tagogi da zannuwa, na manna fitilar waya a jikin kwalbar daga gefe. Duk inda hasken ya ratsa sai ya yi ja mai duhu kamar zoɓo. Wata ɗaliba daga baya ta ce, "Malam, wallahi wani abu ka zuba." Na miƙa mata wayar ta haska da kanta.

Wannan jan shi ne darasin. Koren sinadarin da ke cikin ganye, kulorofil, yana shanye haske shuɗi da ja. Koren haske kuwa kaɗan yake sha, shi ya sa idonmu ke ganin ganye kore. Da zarar ya sha haske, ɗaya daga cikin ilektaron ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki, kan ɗauki ƙarfin ya yi sama, amma ba ya iya daɗewa a can. A cikin kwalba babu wanda zai karɓa daga hannunsa, sai ya faɗo, ya saki ƙarfin, wani ya tafi a zafi, wani ya fito a jan haske. A cikin ganye mai rai kuwa kulorofil ɗaruruwa ne a jere, kowane na miƙa ƙarfin ga na kusa da shi har ya isa wata cibiya. Daga nan ilektaron ke ficewa ya bi wata sarƙa ta sinadarai, ana tatsar ƙarfinsa ana adanawa a cikin wasu sinadarai biyu, ATP da NADPH, waɗanda da su ake ƙera sukari. Gurbin da ya bari ana cike shi ne da wani da aka fizgo daga ruwa, kuma fasa ruwan nan shi ke sakin oksijin. Ɗalibai da yawa sun ɗauka daga kabon dayoksaid yake fitowa. Tun 1941 masana kimiyya Ruben da Kamen suka nuna a Amurka cewa daga ruwa ne.

Sai gwajin sitaci, wanda Bajamushe Julius von Sachs ya fito da shi a shekarun 1860: ganye kan ajiye sukarin da ya haɗa a matsayin sitaci, shi kuma sitaci baƙi yake yi in ya haɗu da aidin. Waken da muka shuka a roba ya kwana biyu a cikin duhu don ya cinye ajiyarsa, muka rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda, muka fitar da shi rana. Bayan sa'o'i aka tsinko ganyen, aka tsoma a tafasasshen ruwa, aka jiƙa a sufirit har ya yi fari, aka ɗiga masa aidin. Rabin da ya ga rana ya yi baƙi-baƙi, wanda aka rufe bai canza ba. Wanda zai gwada ya kashe wuta kafin ya buɗe sufirit. A cikin ruwan zafi ake ɗumama kwalbar.

Abin da ba ya cikin littafi shi ne ranar Sakkwato. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, kuma kafin azahar mun ga waken nan ya karkata ganyensa yana ba rana gefe. Ganye na shaƙar iska ta wasu ƙananan ƙofofi, galibi a bayansa. Idan zafi ya tsananta yakan rufe su don kada ruwansa ya ƙare. Kabon dayoksaid ya daina shiga, haske kuwa bai daina zuba ba, sai ganyen ya shiga halin kwalbarmu: ya kama ƙarfi, babu inda zai kai shi, dole ya zubar da yawancinsa a zafi. Gero, dawa, masara da rake suna da dabarar tara kabon a wasu ƙwayoyi na cikin ganye, don haka ko ƙofofin sun tsuke aiki na tafiya. Masana kimiyya Hatch da Slack suka fayyace wannan hanya a jikin rake a Ostireliya a 1966. Alkama ba ta da ita, kuma yana cikin dalilan da manoman rani na yankin Goronyo ke jiran sanyin hunturu kafin su shuka ta. Wake ma ba shi da wannan dabara, don haka da hantsi ya kamata a fitar da shukar gwaji.

Wani yaro ɗan manomin fadama ya kawo ganyen albasa daga gonar mahaifinsa, wanda ya wuni a rana. Aidin bai yi baƙi ba ko kaɗan. Ya ce, "Malam, ke nan albasar Baba ba ta cin rana?" Tana ci ƙwarai. Albasa dai ba ta ajiye abincinta a sitaci, wani nau'in sukari take tarawa wanda aidin ba ya kamawa, kuma shi take turawa ƙasa ya cika kan albasar. Malamin da zai yi wannan gwaji ya nemi ganyen wake, rogo ko dankali.