Abin da koyar da Jogirafi a Jos ya koya min, da dalilin da ya sa na ajiye alli

Ƙarshen zangon nan na miƙa takardar ajiye aiki, kuma tunda abokan aiki sai kirana suke wasu kuma ta WhatsApp wai Malam lafiya me ya faru, gara in rubuta kowa ya karanta. Ba zan kama sunan makaranta ba, waɗanda suka sani sun sani. Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar kuɗi a garin nan ba sai na masa bayanin albashin da ke makara ko duba lesin not ranar Litinin ba, wannan mun riga mun saba. Abin da ya kore ni daban ne.

Babban abin da na koya shi ne, duk darasin da gwamnati ta bari a kan "in ka ga dama", to ba yaro ne ke zaɓa ba, ofis ne ke zaɓar masa, kuma lissafin ofis na kuɗi ne. Turanci da Lissafi ba wanda ya isa ya taɓa su don WAEC ta ce dole. Jogirafi kuwa ba shi da mai tsaya masa, ranar da firinsifal ya tashi da haushinsa shi ke nan.

Namu tun zuwansa ya sa min ido. Ya kira ni ofis ya ce, "Malam, wannan karatun taswirar naka shi ke ɓata mana rizol, kuma rizol ɗin nan shi muke bugawa a ƙyallen talla mu rataya a get iyaye su gani." Na ce Yallaɓai a sayo mana taswirori ko guda goma ne, yara ba za su iya abin da ba su taɓa riƙewa a hannu ba. Ya ce zai duba. Abin da ya duba shi ne ranar da ba na nan ya shiga SS2 ya ce wa yara duk wanda ba ya son F9 ya koma darasin Maketin. Aji ya zube saura 'yan tsiraru. Sai aka rage min firiyod, wanda ya rage kuma aka kai shi ƙarshen ranar Juma'a lokacin da kowa hankalinsa ya tafi masallaci.

Duk wannan na shanye. Wanda ya tsaya min a rai maganar fita ce. Na shirya kai yara dam ɗin Lamingo, mu bi hanyar ruwan mu gangaro Rikkos da Gangare su ga yadda ƙasa ta karkata da idonsu. Shi da bakinsa ya ce in je in shirya. Iyaye suka sa hannu suka biya kuɗin mota, na kai kuɗin wajen basa, mai riƙe kuɗin makaranta. Ana gab da tafiya, a mitin ɗin malamai, gaban kowa ya ce, "Wai Malam zai kwashi 'ya'yan mutane ya kai su kallon duwatsu, sai ka ce ba a Jos aka haife su ba." Aka yi dariya, har da waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya a sitaf rum. Aka soke fita, kuɗi kuma aka ce an yi fentin get da su kafin bikin yaye ɗalibai. Ni iyaye suka sani, ni suka riƙa kira, wata uwa mai sayar da kayan miya a Farin Gada ta zo har makaranta ta ce "Malam ai amana muka ba ka", daga albashina na mayar mata. Bayan nan kuma aka ba ni takardar tuhuma wai na karɓi kuɗin iyaye ba da izini ba. Na bar shi da Allah, amma wallahi ban manta ba.

Duwatsun da ya raina ɗin nan kuwa su ne rayuwar yaran. A watan Yulin 2012 ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, dam ɗin Lamingo ya cika ya tumbatsa, ambaliya ta bi ta Rikkos, Gangare da Unguwar Rogo, mutum sama da 30 suka rasu. Yawancin ɗalibaina daga waɗannan unguwannin suke. Akwai wata yarinya da na ba tsohuwar taswirata mai sikelin 1:50,000, wadda duk ta yage a wajen ninki na liƙe da salatif, na ce ta bi layukan da ke nuna tudu da kwari da ɗan yatsa. Ta bi, ta bi, ta ga inda layukan suka matse suka yi tsini suna nuna sama, na ce nan ne kwari, nan ruwa ke bi. Ta yi shiru sannan ta ce "Malam ai gidanmu a nan yake." Tun tana ƙarama ake ce mata ruwa ne ya zo musu, ranar ta fahimci gidan ne aka gina a kan hanyarsa. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu, amma wannan yarinyar in ta girma ba dillalin da zai sayar mata fili a bakin kogi don yana da araha.

Ga kuma kududdufan kuza. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙar kuza a nan, suka tafi suka bar mana ramuka cike da ruwa a Rayfield, Bukuru har Barikin Ladi. Yaro yana ganinsu kamar tafki ne na Allah da Annabi, bai san rami ne mai gefe a tsaye ba, taku kaɗan ƙafa ta rasa ƙasa. Sau nawa muka ji an ciro yaro? Wane darasi ne zai faɗa masa wannan in ba Labarin Ƙasa ba?

Kuma ba sai maganar mutuwa kawai ba. Ka tambayi ɗan SS3 me ya sa Jos ta fi Kano sanyi, sai ya ce haka Allah ya yi. Haka ne, amma ta wace hanya? Garin yana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar duwatsun Shere ta haura 1,800, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Shi ya sa dankalin Turawa ke yi a Bokkos da Mangu, shi ya sa kabeji da karas ke cika motocin da ke barin Farin Gada, wato abincin gidansu kenan. Daga tudun nan kogin Kaduna da na Gongola suka taso. Kogin Dilimi ɗin nan da muke zuba wa shara, ruwansa na bi ta ƙasar Bauchi ya shiga kogin Jama'are, ya haɗe da Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Tafkin da a shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, daga baya ya janye da kusan kashi 90 cikin 100. Duk lokacin da na kawo nan aji kan yi tsit, don sun fara haɗa janyewar ruwa da tashin masunta da manoma da makiyaya, abin da a Filato ba labarin nesa ba ne.

Mun ga ambaliyar dam ɗin Alau a Maiduguri a 2024, mun ga ta Mokwa a 2025. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar lura da ruwa NIHSA na fitar da na ambaliya har da sunayen ƙananan hukumomi, to wa zai karanta in mutane ba su san me taswira ke cewa ba?

Na san masu cewa darussa sun yi wa yara yawa, kuma malaman Jogirafi ba su da yawa. Ban ƙi ta tasu ba. Na kuma yarda in dai haddar manyan biranen duniya za a ci gaba da yi, tilasta shi ba zai amfani kowa ba. Ra'ayina shi ne ya tsaya da ƙafarsa a ƙaramar sakandare maimakon ɗan shafin da aka cusa a Soshiyal Sitadis, ya zama dole har SS1 ko da yaro kimiyya zai yi ko kasuwanci, kuma a fara da unguwar yaro da kogin bayan gidansu kafin a kai shi Amurka. Tarihi ma ai an taɓa cire shi, sai da mutane suka yi ta magana aka dawo da shi.

Ga sababbin malamai: duk izinin da shugaba ya ba ka da baki, ka ce Yallaɓai a ɗan rubuta. Kuɗin iyaye kar ya bi ta hannunka sai da rasit. Kar ka ɗauka sitaf rum za ta tsaya maka, kowa albashinsa yake karewa. Ka sayi kayan aikinka da kuɗinka ka rubuta sunanka a jiki.

'Yan SS3 ɗina da suka dage suka yi rajistar Jogirafi duk da abin da aka faɗa musu, na yi magana da iyayensu, za mu ci gaba da haɗuwa duk Asabar da safe har a gama jarabawa, ba ko kwabo. Kowa ya zo da rula da fensir da zaren auna tsawon kogi, taswira ina da ita.