Kwamfutar da Ta Ƙi Farkawa da Abin da Ƙarar Fankarta Ke Nufi

A cikin matsalolin da ake kawo mini a wurin gyaran kwamfuta, babu wadda ta koya mini natsuwa kamar ta kwamfutar tebur da ke shiga yanayin barci ta ƙi farkawa. Allonta baƙi ƙirin, ba ta jin linzami balle madannai, amma fankokinta suna ta ruri da iya ƙarfinsu har sai an danne maɓallin kunnawa ta mutu. Mai ita kusan kullum cewa yake yi zafi ne, kuma ba na ganin laifinsa, tun da kowa ya san yadda ƙurar hunturu ke toshe akwatin kwamfuta a Kano.

Sai dai aiki ya nuna mini cewa wannan ƙara ba kasafai take nufin zafi ba. Fanka mai waya huɗu tana karɓar umarnin saurin juyawa daga madabod ne, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kansa, ta waya ta huɗu, kuma an ƙera ta yadda idan umarnin ya yanke za ta juya da cikakken gudu, don kada firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, ta ƙone ba tare da mai lura ba. Saboda haka rurin yana nuna cewa mai ba da umarnin ya maƙale a tsakiyar hanya. Wanda ya share ƙura ya sake man da ake shafa wa firosesa don rage zafi ya kyauta, amma bai taɓa ciwon ba.

Dole mai gyara ya san abin da ke faruwa a lokacin barcin. A ƙa'idar ACPI, wadda ke tsara yadda kwamfuta ke sarrafa wuta kuma ta fito a 1996, barcin da aka saba da shi a kwamfutar tebur shi ne S3: kusan komai yana mutuwa, har da fankoki, sai RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, kaɗai ake bari da wuta domin ta riƙe aikin da aka bari a buɗe. Wutar tana zuwa ne daga na'urar wutar da ke cikin akwatin kwamfutar ta layin 5VSB, wato wayar nan mai launin shunayya a babban soket mai fil 24. Idan an ɗora mita a kanta, ya kamata a ga tsakanin volt 4.75 da 5.25. Wannan layi ba ya hutawa muddin kwamfutar na jone da soket, don haka shi ne ke fara gajiya, musamman a inda wuta ke hawa da sauka ko ake yawan komawa kan janareta. Na taɓa ganin ƙaramin kafasita (ɗan abin da ke tara caji) na wannan layi ya kumbura, kansa ya tsage, wani abu ruwan ƙasa ya bushe a bakinsa, alhali kwamfutar tana aiki lafiya lau idan tana kunne, sai wajen farkawa take kasawa. Ba na ba wanda bai ƙware ba shawarar buɗe na'urar wutar, domin manyan kafasitocinta suna riƙe caji bayan an zare ta; gwada wata mai lafiya ya fi aminci.

Kafin a kai ga nan, ina farawa da abin da ba ya cin kuɗi. Umarnin powercfg /a yana nuna irin barcin da kwamfutar ke iya yi. A kundin abubuwan da suka faru na Windows za a tarar da sanarwar Kernel-Power mai lamba 41, wadda ke ruɗar masu koyo ƙwarai, alhali ba ta faɗin komai illa cewa kwamfutar ta mutu ba bisa tsari ba. Daga nan sai in kashe barcin haɗaka (wanda ke ajiye aiki a RAM da faifai a tare) da Fast Startup, tsarin saurin kunnawa wanda ya zo da Windows 8 a 2012, in cire kayan USB, in sabunta direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto, sannan in mayar da BIOS, wato saitin farko na madabod, yadda ya fito daga kamfani, in kuma gwada RAM da manhajar MemTest86. Abu ɗaya nake canzawa, in sa ta barci, in tashe ta, in rubuta sakamakon, domin wanda ya canza abu biyar a tare ba zai san wanne ya yi magani ba.

Akwai kuma matsalar haɗa sabo da tsoho, wadda ta yi yawa a kwamfutocin da ake harhaɗawa da kayan gwanjo. Firosesocin Intel na zangon Haswell, na 2013, suna saukar da buƙatarsu ta wuta har zuwa amfiya 0.05 a yanayin hutunsu mai zurfi da ake kira C6 da C7, kuma wasu tsofaffin na'urorin wuta ba sa jure nauyi ƙanƙani haka, sai wutarsu ta rikice ko su katse ta. Kashe waɗannan yanayoyi a BIOS yakan kawo sauƙi kafin a samu kuɗin sabuwar na'ura.

Ga ofisoshin da ba su da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, kuwa, nakan saita musu barcin S4 a maimakon S3, domin shi yana rubuta aikin a kan faifai ne kafin kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, ko an ɗauke wuta da dare ma'aikaci zai tarar da takardunsa da safe.